Injin casar shinkafata ya daina kawo riba kamar da: in ci bashi in girka babba?

Tambayar ta fito ne daga wani mai injin casar shinkafa a yankin Kura ta jihar Kano. Ya ce ya shekara 12 a sana'ar, shi kuma ya haura hamsin. A lokacin da aka rufe boda injinsa ba ya hutawa, amma yanzu sai ya kwana uku bai tashi ba, 'yan sari sun koma karɓar kaya bashi, shansherar (shinkafar da ba a cashe ba) da ya ajiye kuma farashinta ya karye a hannunsa. Abokai suna ba shi shawara ya ci bashin banki ya girka babban inji mai tsince tsakuwa da goge shinkafa, ya riƙa buga buhu mai tambarinsa. Babban ɗansa ya gama karatu yana zaune. Me ya kamata ya yi?

Alhaji, Allah ya ƙara rufin asiri. Shawarata ita ce kada ka ci wannan bashin a bana. Ka ba kanka wata uku kana aunawa kana rubutawa, daga nan ka zaɓi gurbi ɗaya a cikin harkar shinkafa inda ƙanƙantar injinka take yi maka amfani, ka tsaya a kansa. Ga dalilaina.

Ribar da kuka gani tsakanin 2015 zuwa 2022, wani kaso nata ƙwazonku ne, amma kaso mai yawa katanga ce gwamnati ta gina muku. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa shinkafa cikin kaya 41 da ya daina bai wa masu shigo da su dala a farashin gwamnati. A Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a jihar Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, inda aka soma da Seme da Illela da Maigatari da Mfum. A waɗannan shekarun duk wanda ya cashe shinkafa, ko da tsakuwa ko da wari, zai sayar, domin mai saye ba shi da zaɓi.

Wannan ribar ita ce ta jawo jama'a. Manyan masana'antu suka tashi ko suka faɗaɗa, irin WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi da Umza da Tiamin a nan Kano, har Legas ta buɗe tata a Imota a 2023. Ƙananan injina kuwa suka cika gefen titin Zariya daga Kura zuwa Kwanar Dangora. Injin ya ƙaru da sauri fiye da yadda gona ta ƙaru, sai kowa ya koma rububin shanshera ɗaya. Sannan katangar ta fara rushewa. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin dako ya tashi. A Oktoban shekarar Babban Banki ya ɗage haramcin dalar nan, ya kuma janye hannunsa daga rancen noma. A Afrilun 2024 wutar rukunin Band A, wato masu samun lantarki mafi yawan awanni, ta haura Naira 200 kowane yunit. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci da ake shigowa da su, ciki har da shinkafar da aka cire wa ɓuntu. A ƙarshen shekarar kuma Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta janye takunkumin da ta sa wa fitar da ita, farashin duniya ya yi ƙasa, namu ma ya bi shi a 2025.

To haka kasuwa take idan ta girma. Masu sayarwa sun yi yawa, mai saye ya waye, ratar da ke tsakanin kuɗin shanshera da kuɗin cassashiya ta tsuke. Uwargidan da a da take zama da faranti tana tsince tsakuwa a 'yar Hausa, yanzu ta san akwai ta gida wadda ba a tsincewa, kuma ba za ta koma baya ba. A irin wannan kasuwar, babban injin da abokanka suke nuna maka zai kai ka filin da masu biliyoyi suka riga suka kafa tuta. Su suna sayen shanshera tirela-tirela, suna da tukunyar tururi da na'urar busarwa da na'urar ware baƙar ƙwaya, kuma da yawansu ma ba sa cika injinansu. Kai za ka shiga da bashin da ruwansa zai iya kai kashi 30 cikin 100 a shekara, tunda ma'aunin ruwa na Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024.

Yanzu maganar awo, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Yawancin masu inji da buhu suke lissafi, buhu kuwa ba ma'auni ba ne. Na wannan manomi kilo 75 ne, na wancan 90, na wani an jiƙa shi da asuba. Kayan da kake bukata uku ne: sikelin ƙasa mai ɗaukar kilo 300, na'urar auna danshin hatsi ta hannu, da littafi mai bango. Duk kayan da za su shiga inji a auna nauyinsu da danshinsu kafin a zuba. Bayan an gama a auna abu huɗu daban-daban: lafiyayyar ƙwaya, karyayya, dusa, da ɓuntu. A rubuta irin shinkafar (Sipi ce, ko Jamila, ko WITA), wanda aka saya a hannunsa, wadda ta yi gumin (jiƙawa da turarawa kafin casa), awa nawa inji ya yi, da litar dizal ko yunit ɗin wutar da ya sha.

A bisa halitta, kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne, kashi 8 zuwa 10 dusa ce, abin da ya rage wajen kashi 70 ne. Tsohon injin nan mai ƙarfe da ke cire ɓuntu ya goge a zubi ɗaya yakan tsaya wajen kashi 55 zuwa 60, da karyayya mai yawa. Mai roba, wanda ke cire ɓuntu a tsakanin robobi biyu masu juyawa, idan an kula da shi, yana iya haura 65. Duba abin da wannan ratar take nufi a aljihunka. Idan fitarka, wato cassashiyar da kake samu daga shanshera, kashi 55 ce, sai ka zuba kilo 91 na shanshera kafin ka cika buhu mai kilo 50. Idan 62 ce, kilo 81. Idan 66 ce, kilo 76. Mu ɗauki kilon shanshera a Naira 400 don misali kawai, kai ka sa farashin yau a gurbinsa: mai kashi 55 ya kashe Naira 36,400 a buhu, mai kashi 62 ya kashe 32,400. Naira 4,000 ke nan a kowane buhu, tun kafin a yi maganar itace ko lebura. A zamanin rufe boda wannan asarar tana ɓuya a cikin riba. Yanzu ita ce ribar gaba ɗaya.

Danshi ma haka. Shinkafa tana son casa ne a danshin kashi 13 zuwa 14. Idan ka sayi kilo 100 a danshin kashi 20, bayan ta bushe zuwa 14 kilo 93 za ka samu. Kilo 7 ruwa ka biya kuɗinsa. Na'urar auna danshin nan takan mai da kuɗinta a mota ɗaya ko biyu, domin da ita za ka zauna da dillali ku yi ciniki a kan lamba, ba a kan cizon ƙwaya da haƙori ba.

Kafin ka zargi inji, ka leƙa wajen gumi, domin yawancin karyewa da wari da baƙar ƙwaya daga can suke farawa. A wanke shanshera sau biyu ko uku, a kwashe holoƙon da ya taso saman ruwa. A jiƙa ta a ruwan zafin da hannu ba ya iya daɗewa a ciki, wajen digiri 60 zuwa 70, a rufe ta kwana. Jiƙa ta kwana biyu ko uku a ruwan sanyi shi ke kawo tsamin warin nan da masu saye suke gudu. Wajen turarawa kada ƙwaya ta taɓa ruwa. A sa rariyar ƙarfe a gindin tukunyar ta raba su, domin ta ƙasan da ta nutse tana dahuwa ta yi baƙi, ta sama kuma ta fito da fari a tsakiyar ƙwayarta. Da tururi ya ratsa ko'ina, ɓawon ya fara tsagewa, a sauke. Shanya kuma a kan siminti ko tamfol, a baza ta siririya ana motsawa. A rana za a fara, a inuwa za a ƙarasa. Wadda aka bari a zafin rana har ta ƙame takan tsage daga ciki, ido ba ya gani, sai ta shiga inji ta wargaje. Kuma kada a kwaso ta da zafinta a zuba, a bar ta ta huce ta kwana.

A jikin injin, robobin nan biyu ba gudu ɗaya suke yi ba, mai saurin ta fi cinyewa, don haka ana musanya musu wuri kafin ɗaya ta ƙare. Tazarar da ke tsakaninsu kimanin rabin kaurin ƙwaya ce. Idan an matse sai ta karya, idan an sake sai shanshera ta wuce. Yaron da ake biya bisa yawan buhun da ya fitar zai danna nauyin goge don ya yi sauri, shinkafa ta yi zafi ta karye. Ka sauya tsarin biyansa, ka ɗora masa ɗan ƙari a kan fitar da ta haura abin da kuka yanke.

Sai kuɗin da ba a ganinsu. Inji yana tsufa ko yana aiki ko yana kwance. A ce kayan aikinka sun kai Naira miliyan 12 kuma za su yi shekara 8, to miliyan 1.5 suke ci duk shekara. Idan ka cashe tan 300, Naira 5,000 ke nan a kan kowane tan. Idan tan 100 kawai ka samu, ya zama 15,000. Wannan lissafin shi ke kashe masu sayen babban inji: sun ninka ƙarfin casa, shansherar da suke iya saya ba ta ƙaru ba, sai nauyin kowane tan ya ninku. Ka kuma yanka wa kanka albashi na wata, ka rubuta shi a cikin kashe-kashe. Cefane da kuɗin makaranta da gudummawar biki su fito daga albashin nan. Muddin hannu yana shiga akwatin inji kai tsaye, ba za ka taɓa sanin ko sana'ar ce ke ciyar da kai ko uwar kuɗin kake ci ba.

Game da ajiyar da ta karye maka: al'adar saye da kaka a jira tashi ta yi aiki ne a shekarun da Naira take faɗuwa, komai yana hawa. Wannan hasashen kasuwa ne, sana'a ce daban da casa, kuma ya kamata ta sami shafinta daban a littafi. Idan da kuɗin ruwa na kashi 30 ka saya ka riƙe wata 6, sai farashi ya tashi da kashi 15 kafin ka dawo kan uwar kuɗinka, ban da hayar sito da ɓera da ƙwari da raguwar nauyi. Ga shi kuma noman rani na Kadawa da Hadejia da Kebbi ya sa shanshera tana fitowa sau biyu a shekara, tsawon lokacin ƙarancinta ya ragu. Ka riƙe abin da injinka zai ci a sati 4 zuwa 6. Abin da ya wuce haka, sai da kuɗin da za ka iya yin barci ko da ya ragu da kashi ɗaya bisa huɗu.

Idan wata ukun nan sun cika, littafin zai nuna maka inda za ka dosa. A ganina, gurbin da ya fi dacewa da mai ƙaramin inji a ƙasar Kano shi ne farar shinkafar da ba a yi wa gumi ba, ta tuwo da waina da sinasir da dambu da kunun gyaɗa. Manyan masana'antu sun karkata ne ga doguwar ƙwaya mai gumi ta dafa-duka. A shinkafar tuwo ba ka sayen itace, ba ka biyan gumi, kayanka suna juyawa cikin kwana biyu, kuma karyewa ba aibu ba ce, tunda mai waina niƙawa za ta yi, mai dambu ma ɓarzawa za ta yi. Abin da suke nema shi ne fari, da rashin tsakuwa, da iri ɗaya kullum, domin mai suyar waina ta san irin da ke tashi mata, kuma idan ka canza mata ba ka faɗa ba, ƙullunta ne zai lalace, ba za ta dawo ba. Masu waina ashirin da gidajen abinci biyar da makarantar kwana ɗaya masu ɗauka duk sati da kuɗi a hannu sun fi maka ɗan sari ɗaya mai ɗaukar mota guda ya ce sai ya sayar.

Hanya ta biyu ita ce ka daina sayen shanshera da yawa, ka zama wurin da mata masu gumi da ƙananan 'yan kasuwa suke kawo aikatau saboda fitarka ta fi ta maƙwabta. A nan haɗarin farashi ba a wuyanka yake ba. Amma sai ka sa sikeli a gabansu, su ga da idonsu cewa a wajenka buhunsu ya fi ba da kwano biyu ko uku, sannan za su yarda su biya ƙari. Idan akwai ƙarfe ɗaya da ya cancanci ka saya yanzu, injin tsince tsakuwa ne, da 'yar rariyar ware karyayya. Kuɗinsu bai kai rabin rabin babban layin da ake nuna maka ba, kuma su ne suke sauya farashin buhu nan take. Ka saye su da kuɗinka, ko ta murabaha (banki ya saya ya sayar maka da riba sananniya) a bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin Jaiz da TAJ, bayan ka tambayi jimlar abin da za ka biya a ƙarshe ka kwatanta.

Kada ka raina dusa da ɓuntu. Dusar da ta gauraya da ɓuntu ba ta da daraja, amma tsantsarta masu haɗa abincin kaji da kifi da masu kiwon turka suna nema. Tana da mai, tana saurin yin ɗaci, don haka a fitar da ita duk sati. Ɓuntu kuma makamashi ne ga masu gumi, shimfiɗa ce a gidan kaji.

Buhu mai tambari ba laifi ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Tambari alkawari ne cewa buhun bana da na baɗi iri ɗaya ne. Yana bukatar rajistar hukumar kamfanoni ta CAC da lambar hukumar abinci da magunguna ta NAFDAC, da jarin da zai jure kaya su zauna a kanti wata biyu, da manoman da za su riƙa ba ka iri guda ba gauraye ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar. Ka fara da manoma 15 zuwa 20 da ka san gonakinsu, ka ba su ingantaccen iri, ku yi cinikin salam a rubuce da shaidu: ka biya kuɗin gaba ɗaya a zaman ciniki, a ambaci iri da nauyi da danshi da ranar kawowa. Ka sa farashin adalci, domin manomin da ya ga an matse shi da damina, da kaka wani zai kai wa. Idan wannan ya tsaya da ƙafarsa kaka biyu a jere, sai a fara da ƙananan leda masu kilo 5 da 10, waɗanda ma'aikaci ke iya saya a ƙarshen wata.

Bashin 'yan sari kuwa, ka jera su da sunaye da ranar da kowa ya ɗauka. Wanda ya wuce kwana 30 ba ya ƙara ɗauka sai ya sauke. Ka ƙayyade cewa duk abin da ke waje ba zai wuce kashi ɗaya bisa biyar na jarin juyawarka ba. Za ka rasa mutum biyu ko uku, kuma yawanci su ne waɗanda dama suke juya kuɗinka a kasuwancinsu.

Ɗaya ɓangaren tambayarka shi ne kai kanka, Alhaji. Mai shekara 38 zai iya faɗuwa ya tashi sau biyu, ya kwana a kasuwar ƙauye yana jiran mota. Wanda ya haura hamsin da iyali da 'ya'yan aurarwa, bashin shekara biyar a kan gidansa wani abu ne daban. Yanzu abin tambaya shi ne ko injin zai yi aiki daidai idan ka tafi Umara ka yi wata guda. Yau sanin manomi na gari da ɗan sarin da ke cika alkawari duk a kanka yake, ba a rubuce ba.

Ɗanka ya zo a kan gaɓa, amma kada ka ɗora shi a kujera. Ka damƙa masa sikeli da na'urar danshi da littafin nan, da albashi sananne, ya yi wata ukun a tsaye a bakin inji yana shaƙar ƙura tare da yara. Bayan nan ka ba shi ɓangare ɗaya cak, misali kai kaya ga masu waina da karɓar kuɗinsu, da jarin da ka ƙayyade, ku zauna duk Juma'a ku duba lissafi. Sayen shanshera ka riƙe shi a hannunka tukuna, kana tafiya da shi yana gani, domin can ne ake cutar sabon shiga. Ka kuma tambaye shi tsakani da Allah ko yana son sana'ar. Idan ba ya so, gara ka ɗauki amintaccen yaron da ya daɗe da kai ka ba shi kaso a riba.

Ka mai da rajistar sana'ar ta zama ta kamfani mai hannun jari, filin da injin su koma sunansa, da asusun banki nasa daban. Rai na hannun Allah, kuma ranar rabon gado inji ba ya yankuwa. Idan hannun jari ne, kowane magaji zai karɓi kasonsa yadda shari'a ta yanke masa, injin ya ci gaba da juyawa. Idan ƙarfe ne da fili kawai, sai an sayar kafin a raba, kuma mai saye ya san ana sauri. Littafin zai kuma sauƙaƙa maka fitar da zakkar kayan ciniki, kashi 2.5 na kaya da kuɗi da bashin da ake sa ran dawowarsa, tunda injin kansa ba ya cikin lissafi.

Maganar babban inji sai ka dawo da ita teburi idan abu uku sun haɗu: wanda kake da shi yana aiki aƙalla awa 8 a yini, kwana 5 a sati, har tsawon wata 6, kana mai da masu kawo aiki baya; kana da tabbacin shansherar da za ta cika rabin ƙarfin sabon daga manoman da kuka yi rubutu da su; kuma za ka iya biyan rabin kuɗinsa daga ribar da littafi ya nuna, ba tare da jinginar da gidan da iyalinka suke ciki ba.